Mabugi Ɗaya Na Dala, Ko Goma Na Kafinta?

Duk wanda ya taso a ƙasar Dambatta, ko Makoɗa, ko Bichi, ko Minjibir, ko Dawakin Tofa, in ya koma gida hutu, da wuya ya rasa ganin abin nan da za mu faɗa. A bakin tasha, ko a gindin wata darbejiya kusa da makarantar firamare, akwai wani tebur da ya ga jiya ya ga yau. Ƙafarsa ɗaya da dutse aka tokare ta. Raga kuwa babu, wani falanki ne aka gicciya aka dafe shi da bulo biyu. Yara sun fi ashirin sun yi masa zobe, kowa na jiran layi, amma abin bugun guda biyu ne tak: ɗaya robarsa ta ɗaye ta bar katako fili, ɗaya kuma an naɗe mariƙinsa da tsumma. Wanda aka cinye ya miƙa wa na bayansa. Haka za su yi ta yi tun daga la'asar har ladan ya kira magariba.

Wannan abin bugu, wanda yara ke ce wa bat, mu kuwa a nan za mu kira shi mabugi, shi ne abin da muke so mu yi magana a kansa. Watakila wani ya ce, ashe ɗalibai sun rasa abin tattaunawa ne, ga yunwa ga tsadar rayuwa, sai su ɓuge da zancen guntun katako? To, a yi mana haƙuri a saurara. Kowace shekara ƙungiyoyinmu na ɗalibai 'yan asalin garuruwa sukan yi karo-karo don su kai wa tsohuwar makarantarsu wani abu. Haka kuma samarin ma'aikata da aka tura ƙananan hukumomi, da malaman wasanni, da masu yi wa ƙasa hidima, sau da yawa a hannunsu ake danƙa 'yan kuɗin da aka ware don kayan wasa. Kuɗin ba su da yawa, kuma in an kashe su ba a san ranar da wasu za su sake zuwa ba. Saboda haka yadda aka kashe su shi zai nuna ko yaro biyu ne za su yi wasa a garin, ko yaro ɗari.

Mun sha ganin yadda shawarar kan kaya. Da an zauna sai wani daga cikinmu, wanda ya ɗan iya wasan a jami'a, ya miƙe ya ce shi dai in za a yi abu a yi mai kyau, a sayo na asali, irin wanda 'yan wasan duniya ke riƙewa, kada a kai wa gari abin kunya. Maganar tana da daɗin ji, ba mai son a ce shi ne marowaci, sai kowa ya yi shiru. A shiga Kano a sayo mabugi biyu masu walƙiya a cikin jakarsu, a shirya biki, a ɗauki hoto, a miƙa wa hedimasta. Shi kuwa hedimasta, da ya ji abin da aka kashe, sai tsoro ya kama shi, ya jefa su cikin kabad ya kulle, don kada yara su lalata a ce ya yi sakaci. Bayan shekara biyu a buɗe kabad a tarar zafi ya busar da robar ta tsattsage, alhali kuwa ko sau goma ba a buga ƙwallo da su ba. Yara suna can gindin darbejiya da tsummansu.

Abin da ya sa muka ga maganar ta zama ta gaggawa shi ne wani sabon wasa da ya kunno kai daga Amurka, ana ce masa fikilbol. Shi ma da mabugi ake yin sa, amma ya fi na ƙwallon tebur girma, ba a manna masa roba, kuma a ƙasa ake buga shi, a fili mai tsawon ƙafa 44 da faɗin ƙafa 20, da raga a tsakiya wadda tsayinta bai wuce inci 36 ba. Ƙwallon na filastik ne mai huji-huji, ba ya gudu ƙwarai, shi ya sa yaro da dattijo duk suna iya yi. A watan Maris na 2024 an nuna shi a matsayin wasan gwaji a gasar wasannin Afirka da aka yi a birnin Accra na ƙasar Gana. Wanda duk ya san halinmu ya san abin da aka nuna a can ba zai daɗe bai iso jami'o'inmu ba, daga nan kuma wani ya ce a kai shi gida. To, ga lissafin da ya kamata mu yi tun wuri. A Amurka mabugin fikilbol na manyan 'yan wasa yana kai wa dala 200, wani ma ya zarce, na katako kuwa bai cika wuce dala 20 ba. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500, watau mabugi ɗaya na dala 200 ya tashi naira 300,000 ke nan tun kafin a yi zancen kuɗin dako da na kwastan. A wannan shekara ce aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata. Ashe ma'aikaci na ƙasa sai ya yi wata huɗu bai ci ba bai sha ba, kuma kuɗin ba su cika ba.

In muka bari wasa ya shigo ta wannan ƙofa, mun riga mun san makomarsa, domin mun ga irinta. Ƙwallon tanis da ƙwallon dawaki da na golf sun daɗe a Kano tun zamanin Turawa, amma har yau ɗan manomin ƙasar Makoɗa bai san su ba sai a talabijin. Ba wanda ya rubuta doka ya hana shi. Tsadar kayan wasan ce ta zama katanga, kuma katangar kuɗi ta fi ta siminti wuyar tsallakewa.

Amma fa wasannin mabugi, in an bi da su ta hanyar da ta dace, sun yi daidai da ƙasarmu fiye da yadda muke zato. Dalili kuwa shi ne ƙasa. Wannan yanki da ke kewaye da birnin Kano yana cikin wurare mafi cikar jama'a a karkarar Afirka ta Yamma, har masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya shafe shekaru yana nazarin yadda manomanmu ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da taki da dabara. Mu da muka taso a ciki ba ma bukatar littafi ya gaya mana. Daga wannan gona sai waccan, iyakarsu gamba ko 'yar turba. Ƙarƙashin gawo da ɗorawa da kuka duk shuka ne. Filin da samari ke buga ƙwallon ƙafa da rani, da ruwa ya sauka mai shi zai zo ya zuba gero da wake, wasa ya tsaya sai bayan kaka. Cikakken filin ƙwallon ƙafa yana cin mita 105 a tsawo da 68 a faɗi, gonar magidanci guda ke nan. A cikin wannan fili za a iya yanka filayen fikilbol fiye da 30, kowanne da sararin kai da komowa a gefensa. Teburin ƙwallon tebur kuwa tsawonsa mita 2.74 ne, faɗinsa bai fi mita ɗaya da rabi ba sai da kaɗan, zai shiga zaure, zai shiga barandar aji. Zai kuma shiga cikin harabar makarantar 'yan mata, inda za su motsa jiki cikin sutura da mutunci ba tare da sun fita waje ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu.

Masu cewa sai na asali, bari mu tuna musu asalin. A 1965, a tsibirin Bainbridge kusa da birnin Seattle, wasu magidanta uku, Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum, suka ƙago fikilbol don 'ya'yansu da zaman banza ya gundura. Da me suka fara? Da tsohon filin badminton, da mabugan ƙwallon tebur da suka tsinta a gida. Da suka ga waɗannan sun yi ƙanƙanta, sai aka ɗauko zarto aka yanko wasu daga katakon filai, irin wanda kafintocinmu ke yin kabad da shi. Da katakon nan aka yi ta wasan kusan shekara ashirin, sai a 1984 wani injiniyan kamfanin jiragen sama na Boeing, Arlen Paranto, ya ƙera na farko da irin allon da ake shimfiɗawa a cikin jirgi, mai ciki kamar saƙar zuma. Watau wasan ya yi ƙarfi ya bazu tukuna, sa'an nan kayan tsada suka biyo baya. Mu kuwa muna so mu fara daga inda suka ƙare.

Haka labarin yake a ƙwallon tebur. Ƙasar Sin ta sami zakaran duniya na farko a 1959, Rong Guotuan, daga nan ta cika makarantu da unguwanni da tebura na siminti, waɗanda ruwa da rana ba sa yi musu kome. Daga cikin miliyoyin yaran da suka taso a kan waɗannan tebura ake tace gwanayen da suka gagari duniya. A nan gida ma ba sai mun je nesa ba. Me ya sa Atanda Musa, da Segun Toriola wanda ya je gasar Olamfik sau bakwai daga 1992 zuwa 2016, da Funke Oshonaike wadda ita ma ta je sau bakwai, da Aruna Quadri ɗan garin Oyo wanda ya kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Rio a 2016, duk daga ƙasar Yarbawa suka fito? Ba hannunsu ne ya fi na ɗan Bichi ba. A Ikko da Badun tebur yana kowane lungu, kuma tun 1968 aka kafa gasar kofin Asoju Oba a Ikko don zaƙulo yara. Inda masu wasa suka yi yawa, nan gwani ke fitowa. Da yawan shuka ake samun zangarniyar iri.

To, in mun yarda da wannan, yaya za mu zaɓi mabugi? Ga abin da muka sani, muna kuma roƙon 'yan'uwa masu riƙe da kuɗin jama'a su duba.

Na farko, a san cewa mabugin ƙwallon tebur abu biyu ne aka haɗa, katako da roba, kuma ba tsawon rai ɗaya gare su ba. Katako mai kyau yana shekaru, roba kuwa 'yar watanni ce in ana wasa kullum. Dokar hukumar wasan ta duniya ta ce mabugi yana iya zama kowane girma, kowane fasali, kowane nauyi, muddin katakon shimfiɗaɗɗe ne mai ƙarfi, kuma kashi 85 cikin 100 na kaurinsa itace ne. Robar ce kaɗai ake bukatar tambarin hukuma a kanta in za a shiga gasa. Ma'anar wannan ita ce katakon da kafintan Dambatta ya yanka, in ya daidaita, halal ne a kowace gasa. Falle ɗaya na filai mai ƙafa 8 da 4, mai kaurin milimita 6, zai fitar da katakon mabugi fiye da 60. Wanda ya fi shi kauri, mai milimita 9 ko 10, zai fitar da na fikilbol kusan 30, domin dokar wannan wasa ta ce tsawo da faɗi in an haɗa kada su wuce inci 24, tsawon kuma kada ya wuce inci 17. Abin da ya rage shi ne a goge gefe da samfefa, a manna mariƙi, a naɗe shi da fata. Dukawa kuwa ba mu rasa su ba.

Na biyu, zancen roba. Akwai mai ƙuraje a waje wadda ba soso a ƙarƙashinta, akwai kuma mai santsi da aka ɗora bisa soso. Mai soson ita ce ke ba da gudu da murɗa ƙwallo. Tun ranar da Hiroji Satoh na Japan ya ci gasar duniya da mabugi mai soso a Bombay a 1952 ta canza wasan, har a 1959 aka ƙayyade kaurin roba da soso kada su wuce milimita 4. Amma ita ce kuma ta fi saurin mutuwa a ƙasarmu, domin ƙurar hunturu tana kashe kamunta, zafin bazara kuma yana busar da soson. Ga teburin da kowa da kowa ke hawa, mai ƙurajen ta fi, don ta fi juriya, ta fi araha, kuma mai koyo ya fi iya sarrafa ƙwallo da ita. Mabugi mai gudu a hannun ɗan koyo kamar ingarman doki ne a hannun wanda bai iya linzami ba.

Na uku, in a kasuwa za a saya, kada taurarin da aka buga a jikin kwali su ruɗe mu. Kowane kamfani shi ke ba kansa taurarinsa, kuma jabun kaya masu sunan manyan kamfanoni sun cika kasuwa. A fitar da mabugin a gwada. A goga ƙwallo a kan robar a hankali: in ya zame ba turjiya, robar ta mutu tun a kanti. A ƙwanƙwasa katakon da yatsa a wurare daban-daban: in wani wuri ya yi ƙarar holoƙo, gam ɗin ya saki. A ɗora shi bisa tebur a ga ko ya kwanta daidai ko ya karkace. A riƙe mariƙin a girgiza, domin nan ne mai arahar banza ke fara karyewa.

Na huɗu, ga na fikilbol abu biyu ne abin dubawa, nauyi da kaurin mariƙi. Na zamani yawanci suna tsakanin giram 200 da 240, na katako kuwa ya fi su nauyi, kuma mai nauyi ƙwarai yana gajiyar da wuyan hannu da gwiwar hannu. Maganin wannan shi ne a yanka wa yara ƙanana, kada a ba ɗan shekara goma na babba. Mariƙi kuwa, in ka damƙe shi ya kamata a sami sararin da yatsa ɗaya zai shiga tsakanin kan yatsunka da tudun tafin hannunka. Gara ya yi siranta a ƙara masa naɗi, da ya yi kauri a rasa yadda za a yi da shi.

Ba za mu ɓoye abin da masu ja da mu ke da shi na gaskiya ba. Sun ce araha ba ta ado, kuma mai sayen banza sau biyu yake saye. Haka ne, shi ya sa ba mu ce a kwaso mafi ƙarancin kuɗi a kasuwa ba. Mai araha a wurinmu shi ne wanda in ya lalace za a gyara shi a garin, ranar kasuwa, ba sai an jira wani ya dawo daga Ikko ba. Sun kuma ce yaron da ya taso da katakon kafinta, in ya je gasa zai sha mamaki, domin a can da roba mai soso ake yi, a gasar fikilbol ta hukuma ma ba a karɓar mabugin da aka ƙera a gida. Wannan ma gaskiya ne. Amsarmu ita ce, a cikin kowane kuɗi a ware kaɗan a ajiye mabugi biyu masu kyau, waɗanda za a riƙa ba yaran da suka yi fice su saba da su kafin gasa. Amma a lura da tsarin: sai an sami yaro ɗari masu wasa sa'an nan za a san biyun da suka cancanta. Wanda ya fara da sayen na gwanaye alhali bai tara masu koyo ba, ya sayi sirdi ne babu doki.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, mu kuwa za mu faɗa, tun da a tsakaninmu ne. Son kayan waje da ke damun mu 'yan boko ba don yara ba ne kullum. Wani lokaci don hoto ne, don a ce ƙungiyar su wane ta kawo abin da ba a taɓa gani ba. Wani lokaci kuma, a ofis, don kayan tsada sun fi daɗin rubutawa a takardar kwangila, tun da ba wanda ya san ainihin kuɗinsu a ƙauye. Aikin kafinta kuwa kowa ya san farashinsa, ba a iya ƙara masa sifiri. Wanda ya fara aikin gwamnati yau, ya saba da wannan tun a kan guntun katako, ranar da aka danƙa masa kuɗin asibiti ko na rijiyar burtsatse ba sabon hali zai koya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, har da mu.

Saboda haka ga shawararmu ga kowace ƙungiyar ɗalibai da kowane saurayin ma'aikaci da wannan nauyi ya hau kansa. A raba kuɗin kashi uku. Kashi na farko, mafi tsoka, a yi wurin wasa da shi: magini ya zuba tebur na siminti a inuwa, ko a daɓe ɗan fili a harabar makaranta, wanda da kaka ma zai yi amfani wajen shanya. Kashi na biyu a kai wa kafintan gari ya yanko mabugai da yawa, a sayo roba a manna, kuɗin su zauna a garin. Kashi na uku a sayi ƙwallaye da dama, domin su ne ke fashewa kullum, kuma tebur mai mabugi goma in ba ƙwallo ya zama bencin zama. Abin da ya saura shi ne na mabugi biyun nan na gasa. Sa'an nan a danƙa kayan ga mutum ɗaya da yara suka sani suke kuma iya tunkara, a koya musu goge roba da ɗanyen tsumma da ɓoye ta daga rana, a kuma rubuta abin da aka kashe a manna a ƙofar makaranta kowa ya gani.

In mun koma hutu mai zuwa, kafin mu kira taro, mu fara zuwa gindin darbejiyar nan mu ƙirga yaran da ke tsaye suna jiran layi. Adadin da muka samu, shi za mu kai wa kafinta. Allah ya sa mu gane, ya kuma ba mu ikon riƙe amana, ƙaramarta da babbarta. Amin.